Ƙwaryar da Ba Ta Ruɓewa: Hujjar Gyara Tsohon Ƙaramin Jirgin Faibagilas

A garin Warren da ke jihar Rhode Island a Amurka, kamfanin da Bill Dyer ya kafa ya fara ƙera wani ƙaramin jirgin ruwa da faibagilas a 1949. Tsawonsa ƙafa 9 ne, nauyinsa wajen kilo 50, sunansa Dyer Dhow. An aro rabin sunan daga jiragen fatake na Tekun Indiya, ko da yake babu wata kama tsakaninsu. Ana tuƙa shi da filafili, ana kuma kafa masa sanda a ɗaura ƙyallen iska. Gidan tarihi na Mystic Seaport a jihar Connecticut yana riƙe da gomomi daga cikinsu, kuma ba a ajiye su don kallo ba, da su ake koya wa yara da manya tuƙi da iska. Wasu kuwa suna kife a bayan gidaje, ciyawa ta rufe su, magada suna tunanin ko a kai su juji.

Kai su juji kuskure ne a mafi yawan lokuta, kuma dalilin yana cikin sinadarin da aka yi su da shi.

Faibagilas haɗi ne na abu biyu: saƙar zaren gilashi mai laushi kamar yadi, da danƙon roba da ake jiƙa ta da shi. Idan danƙon ya daskare, ya daskare ke nan. Ba kamar robar bokiti ba ne da za a narkar a sake zubawa. Zafi yana ƙona shi ne kawai. Lokacin da Ray Greene na garin Toledo a jihar Ohio ya ƙera ƙaramin jirgi da wannan haɗi a 1942, abin da ya ja hankalin maƙera shi ne ba ya ruɓewa, tsutsar teku ba ta cin sa, ba ya bukatar a riƙa toshe tsagu kowace shekara kamar jirgin katako. Wannan alfarma ita ce ta zama nauyi a yau. Jiragen da aka zuba da dubbai daga shekarun 1960 zuwa 1980 sun tsufa, amma sun ƙi mutuwa. Faransa ta kai ga amincewa da wata hukuma mai suna APER a 2019 don tattarawa da wargaza tsofaffin jiragen shaƙatawa. A Rhode Island ɗin kanta an gwada niƙe ƙwaryar jirage a tura ta tanderun siminti. Masu bincike na Jami'ar Brighton a Ingila sun sami ɓurɓushin zaren gilashi a cikin naman kawa a mashigin Chichester. Ashe jirgin da aka yasar a gaɓa ba ya ɓacewa, yana dai marmashewa a hankali ya shiga cikin abin da ke rayuwa a ruwan.

Wanda ya duba irin wannan tsohon jirgi da idon basira zai ga cewa abin da ya lalace ba kasafai yake zama ƙwaryar ba. Katako ne ke mutuwa: dogon itacen oak da ya zagaye leɓen jirgin, kujerun katakon mahogani (ɗan uwan maɗaci ne), da allon juya akala na baya. Sai igiyoyi da rana ta cinye, da ƙyallen da ɓeraye suka yi sheƙa a ciki. Duk waɗannan ana canza su da kayan kafinta na yau da kullum. Katakon leɓe ne ya fi muhimmanci, domin shi ke riƙe siffar jirgin. Ƙwarya siririya ce. Da zarar an cire leɓen sai ta saki jiki ta buɗe, don haka mai gyara da ya san aikinsa yakan auna faɗin, ya tokare shi da sanduna, kafin ya kwance ƙusa ta farko.

Tsaga ko huji a ƙwaryar ma ba hukuncin kisa ba ne. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce a goge gefen raunin a karkace, faɗin gogewar ya ninka kaurin bangon sau 12, sannan a jera saƙar gilashi hawa-hawa a jiƙa da danƙo. A nan ne zaɓi ke shigowa. Danƙon efoksi ya fi kama tsohuwar ƙwarya da ƙarfi, amma rana tana lalata shi idan ba a rufe shi da fenti ba, kuma fatar waje mai sheƙi irin ta asali ba ta cika son zama a kansa ba. Danƙon foliyesta, wanda aka yi jirgin da shi tun farko, ya fi arha, fatar tana kama shi, sai dai riƙonsa bai kai na efoksi ba. Ga jirgin da za a yi amfani da shi, efoksi da fenti mai kyau sun fi.

Wannan ne ke kai ga saɓani da masu ra'ayin riƙau, waɗanda ke ganin gyara bai cika ba sai kowane noti ya zama irin na shekarar ƙira. Suna da gaskiya a wuri ɗaya: kayan tagulla na asali, kamar mazaunin filafili da maƙalan allon baya, sun cancanci a wanke su a mayar, domin tagulla tana daɗewa cikin ruwan gishiri, alhali ƙarfen da ake kira marar tsatsa yakan ci daga ciki idan ya maƙale a jiƙaƙƙen katako inda iska ba ta kai wa. Amma nacewa a kan ƙyallen auduga saboda tarihi, bayan ƙyallen Dacron ya maye gurbinsa tun shekarun 1950 don ba ya ruɓewa kuma ba ya saurin miƙewa, son kallo ne ya rinjayi son tuƙi. Jirgin da aka yi wa kwalliyar da mai shi ke tsoron ya goga a yashi ya tashi daga juji ya koma gareji, ruwa bai ƙaru da komai ba.

Inda bai kamata a yi wa asali karambani ba shi ne ma'aunin kayan iska. Ƙaramin jirgi yana tafiya ne bisa daidaito tsakanin ƙarfi biyu: turin iska a kan ƙyalle daga sama, da turjiyar ruwa a kan allon da ake saukarwa ta tsakiyar ƙwarya daga ƙasa. Maƙerin farko ya lissafa inda kowannensu zai faɗa. Idan aka jingina sandar baya fiye da kima, jirgin zai riƙa fizgar kansa yana fuskantar iska, matuƙi ya yi ta kokawa da akala. Idan aka ture ta gaba, zai riƙa gudun iska, wanda ya fi haɗari, domin da hannu ya kuɓuce daga akala jirgin ba zai tsaya da kansa ba. Ƙyallen Dyer Dhow murabba'in ƙafa 45 ne. Wanda ya ɗora masa na wani jirgi mafi girma don neman gudu, kifewa ya saya. Haka filafili: wajen kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya na tsawonsa ne ya kamata ya kasance ta ciki daga mazauninsa. Gajere yana sa a riƙa sarar ruwa, dogo kuma yana gajiyar da kafaɗa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren masu cewa a bar shi ya tafi, kuma bai dace a raina ta ba. Kuɗin sabon ƙyalle, katako, danƙo da fenti yakan zarce abin da jirgin zai yi a kasuwa bayan an gama, balle a lissafa ranakun hutun da aka ƙarar. Aikin kansa ba na wasa ba ne: ƙurar gilashi tana cutar da huhu da fata, efoksi yana jawo borin jini ga wanda ya saba taɓa shi da hannu tsirara, tsohon fentin ƙasan jirgi kuma yana ɗauke da guba da aka sa don kashe halittun da ke maƙalewa. Sai da takunkumi na gaskiya da safar hannu. Kuma akwai ƙwaryar da ta wuce gyara, wadda hawa-hawanta suka rabu a wurare da dama, tana lotsawa idan aka danna da tafin hannu. Irin wannan wurin masu wargazawa ya dace da ita.

Sai dai kwatanta kuɗin gyara da farashin sayarwa lissafin dillali ne. Ma'aunin da ya dace shi ne farashin sabon jirgi mai irin wannan aiki, haɗe da kuɗin zubar da tsohon, wanda wani zai biya ko da mai shi ya zame. Da wannan ma'auni gyaran yakan yi nasara, kuma wanda ya yi shi da hannunsa ya san kowace ƙusa da ke riƙe da shi a kan ruwa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wanda ido ba ya gani. Faibagilas ya fi ruwa nauyi. Jirgin katako idan ya cika da ruwa yakan yi iyo, na faibagilas kuwa nitsewa yake, sai idan akwai soso mai riƙe iska ko rufaffen akwati a ƙarƙashin kujeru. Soson da ya shekara 50 yana iya jiƙewa ya zama kaya maimakon mataimaki, kuma sabon fenti ba zai fallasa hakan ba. Don haka kafin a ɗora yaro a ciki, a kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a rana marar iska, a cika shi da gangan har leɓe, a ga ko zai tsaya a sama da nauyin mutum a jikinsa, a kuma ga ko za a iya kwashe ruwan da bokiti ba tare da wani yana sake shigowa ta ramin allon tsakiya ba. Idan ya kasa, a fitar da tsohon soson a sa sabo kafin a ɗaura ƙyalle.