Jiran sakamakon gwaji ma jinya ce

A asibitocinmu, da zarar an ɗebi jinin mutum ko an yanki tsokarsa aka ce ya je za a neme shi, ana ganin an gama da shi ke nan. Kwanakin da zai yi tsakanin wannan rana da ranar da likita zai zauna ya yi masa bayani babu wanda aka ɗora wa alhakinsu, alhali a cikinsu ne mutane da yawa ke ramewa.

Na ga haka a kan yayata. Ta taso daga Gwandu ta same ni a Kalgo da ƙullutu a mama, muka je wani asibiti aka yanki 'yar tsoka, aka ce za a kira mu. Ba a ce yaushe ba. Duk wanda ya shigo dubiya ya ce "Ya jiki?" sai ta ce "Da sauƙi," amma yadda aka ajiye mata tuwon dare haka ake ɗauke shi da safe. Ana idar da sallar asuba wayarta ke shigowa: "Auta, sun kira ka?"

Da an yi mata bayanin tafiyar wannan tsoka, da ta samu barci. Sai an jiƙa ta a magani don kada ta lalace, a daskarar da ita cikin wani kaki irin na asibiti, a yanka siriri, a rina, sannan ƙwararren likita ya duba ta a madubin da ke ƙara girman abu. Aikin kwanaki ne ko da komai na tafiya daidai, kuma masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, har wani lokaci sai an aika tsokar wani gari kamar Sakkwato. Jinkiri ba ya nufin labari ya yi muni. Nata sakamakon ya nuna ba ciwon daji ba ne, kuma cikin 'yan mintoci likita ya warware mata komai.

Wani lokaci kuma takardar sakamakon tana fitowa, likita ne ba a samu ba. Ga ta da Turanci da lambobi, wasu an ja musu layi. Sai ta fara yawo: wurin mai kemis, wurin ɗan maƙwabta da ke jami'a, a ɗauki hotonta a tura WhatsApp, kowa ya faɗi tasa. Lamba ɗaya da ta ɗan haura ba ta yanke hukunci sai an haɗa ta da shekarun mutum, da ko akwai juna biyu, da magungunan da yake sha. Gwajin Widal da ake yi don taifot yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a da, ko mai zazzaɓin cizon sauro, amma mutane nawa suka sha maganin taifot a kan wannan takarda kaɗai?

Bayani ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majiyyaci halin da yake ciki, cikin harshen da yake ji gwargwadon iko, kuma a 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya. Na san likita ɗaya kan ga layin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba na ɗora masa laifi. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ba ya buƙatar sabon gini: daga babban asibitin Kalgo da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi har zuwa na ƙananan hukumomi irin Gwandu, a rubuta wa mutum ranar da zai dawo, a ba shi lambar da za a ɗauka idan ya kira, kada ya ƙona kuɗin mota a ce masa bai fito ba.

Ciwo kuma ba sai sakamako ya fito ake rage shi ba. Kafin ka fita daga ɗakin likita, tambaye shi me za ka sha da nawa. Masu sayen diclofenac da ibuprofen a kemis suna sha kwana da kwanaki su sani suna iya ɓarke gyambon ciki su taɓa ƙoda, tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu.

Mu dangi, mu daina kawo wa mai jira labarin wane da ya yi irin wannan ciwo ya rasu. A zauna da shi, a ci abinci tare, a yi masa addu'a, a raka shi ranar karɓar sakamako don kunne biyu ba sa riƙe komai cikin fargaba. Idan kuwa zazzaɓi ya yi tsanani, ko jini ya ɓalle, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin yanka ya kumbura yana ruwa, a koma asibiti a ranar, ko da takarda ba ta fito ba.