Kada A Ɗora Wa Man Fetur Laifin Da Ba A Tantance Ba

Sau da yawa akan ji ma'aikata a ofisoshi, da ɗalibai a jami'o'i, suna yanke hukunci cewa man fetur shi ne ya haifar da mulkin kama-karya a ƙasashen da suka mallake shi. Maganar tana da daɗin ji, amma carar zakara ba ita ke kawo wayewar gari ba, ko da yake kullum tare suke zuwa.

Aikin mai binciken kimiyyar siyasa shi ne ya jero sauran dalilan da za su iya haifar da abin, kamar talauci, da gadon mulkin mallaka, da raunin hukumomi, sa'an nan ya kwatanta ƙasashen da suka yi daidai a waɗannan fannoni, suka bambanta a mallakar mai kaɗai. In bambancin mulki ya ci gaba da bayyana, to, zargin ya samu gindin zama.

Haka Michael Ross ya yi a 2001. Ya ware tasirin arzikin jama'a da wasu dalilai, ya ga har yanzu mai yana dakushe dimokuraɗiyya. Amma a 2011 Stephen Haber da Victor Menaldo suka bi tarihin kowace ƙasa, kafin samun mai da bayansa, ba su ga wannan illa ba. Wato mai yiwuwa kama-karyar ta riga man zuwa.

Tarihin Afirka ta Yamma ma ya isa jan kunne. Sojoji sun yi juyin mulki a Nijeriya ran 15 ga Janairu, 1966, tun kafin farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973. An yi a Togo a 1963, a Gana a 1966, a Nijar a 1974, alhali babu mai arzikin fetur a cikinsu a lokacin. Norwe kuwa ta gano mai a 1969, mulkin farar hula bai girgiza ba.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Ma'aikacin da ya shirya wa Gwamnati takardar shawara bisa dalilin da ba a tantance ba, tamkar likita ne da ya ba da magani bai gane cuta ba. Saboda haka ya wajaba malaman jami'a su tambayi kowane ɗalibi mai rubuta kundi: wane dalili dabam ka gwada, ka kawar? Sai an gwada akan san na ƙwarai.