Ba Kowane Jini Ne Ciwon Daji Ba

Abin takaici ne yadda wasu 'yan'uwa magidanta ke yi idan iyali ta fara ganin jini bayan saduwa. Wani nan take zai yanke cewa ciwon daji ne, kai ta asibiti ɓarnar kuɗi ce. Wani kuwa, wanda nasa ya fi muni, sai ya shiga zarginta, wai daga ina ta kwaso? Alhali ko ƙofar likita bai taka da ita ba.

Abin da likita kan yi shi ne ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa daga bakin mahaifa, a duba shi da madubin likita. Sau da yawa ba daji ake samu ba. Wata kumburi ne da ya daɗe. Wata ɗan tsiron nama ne mai saurin fitar da jini, wanda ake cirewa cikin 'yan mintoci.

Wata kuma, ƙwan tsutsar tsargiya ake tararwa a cikin naman. To, a nan ne ake zaluntar mata. Tsutsar nan ta fata take shiga, daga ruwan rafi ko na dam mai katantanwa, inda yarinya ke wanki da ɗibar ruwa tun tana ƙarama. Ƙwan ya maƙale a bakin mahaifa, ya yi gyambo, ya riƙa jini bayan shekaru. Ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarta ba. Yaro ya yi fitsarin jini a ce ya shiga rafi, amma 'yar'uwarsa da suka shiga ruwa ɗaya sai a ɗora mata zato? Maganin praziquantel na kashe tsutsar, sai dai tsohon tabo ba lallai ya gushe ba, shi ya sa jinkiri cuta ne.

Kada kuma jin "ba daji ba ne" ya sa a jefa takarda ƙarƙashin katifa. Akwai sakamakon da ke nuna naman ya fara sauyawa, wanda in an bar shi zai iya zama daji bayan shekaru. Ƙwayar HPV ke kawo shi, kuma namiji na ɗauke da ita bai sani ba. Irin wannan ana maganinsa tun da wuri, amma sai an koma ranar da likita ya sa. Izinin fita da kuɗin mota kuwa, kowa ya san a hannun wa suke.