GTA VI: Jinkirin Rockstar da abin da ke jiran masu gidajen gem

A watan Nuwamban 2025 kamfanin Rockstar Games ya sake ɗage fitowar wasan Grand Theft Auto VI zuwa ranar 19 ga Nuwamban 2026. Wannan ne karo na biyu: da farko an sa ran wasan a ƙarshen 2025, aka mayar da shi 26 ga Mayun 2026, kafin a ƙara tura shi gaba. Idan wannan rana ta tabbata, shekara 13 ke nan tsakaninsa da GTA V, wanda ya fito a Satumban 2013 kuma aka sayar da fiye da kwafi miliyan 200.

Girman zumuɗin ya bayyana tun Disambar 2023, lokacin da bidiyon talla na farko ya samu kallo sama da miliyan 90 a YouTube cikin sa'o'i 24. Sai dai wannan zumuɗi shi ne babban nauyin da ke wuyan kamfanin, domin duk shekarar da aka ƙara, magoya baya na ƙara tsammanin abin da ya zarce wanda suka sani.

Masana'antar na da darasi biyu a kan haka. Wasan Duke Nukem Forever, wanda aka sanar a 1997, bai fito ba sai 2011, kuma ya sha suka. Shi kuwa Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na Poland, bayan ɗagewa sau uku, ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet kusan wata shida tare da mayar wa mutane kuɗinsu. Ke nan dogon jira ba ya lamunce inganci, amma fitar da wasan da bai nuna ba ya fi tsada. Da alama Rockstar ya zaɓi ya sha ƙorafin jinkiri a kan ya zubar da sunansa.

Ga matasan Yamai, Maraɗi, Garwa ko Njamena, waɗanda da yawansu a gidajen gem suke biyan kuɗi su buga, maganar ta wuce ranar fitowa. Rockstar ya ambaci PlayStation 5 da Xbox Series X/S ne kawai. Babu PlayStation 4, kuma ba a sanar da na kwamfuta ba. A Afrilun 2025 Sony ta ɗaga farashin PS5 maras faifai a Turai zuwa yuro 500, wato kusan jika 328 na sefa, kafin kuɗin sufuri da kwastan. A Nijar, inda mafi ƙarancin albashi yake jika 42, wannan ya kusa albashin wata takwas. Ga kuma kuɗin data da matsalar wutar lantarki.

Saboda haka mai gidan gem na da lissafi a gabansa: ko ya zuba jari a sabuwar na'ura ya ƙara kuɗin buga wasa, ko ya tsaya kan tsohuwa, kwastomomi su koma wurin maƙwabcinsa. Jinkirin ya ba shi ƙarin watanni na tara kuɗi. Amma wanda zai ci bashi don wannan wasa, gara ya tuna cewa an riga an ɗage ranar har sau biyu.