Adon Majami'u Na Kirsimati: Ina Namu?

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko da ƙurarsa, sai ka ga rumfunan 'yan tireda a Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos sun cika maƙil da kayan ƙyalƙyali. Ga itatuwan roba kore shar, ga igiyoyin 'yan fitilu masu ƙiftawa, ga taurarin takarda, ga kuma hoton wani tsoho mai farin gemu da jar riga yana tafe bisa dusar ƙanƙara. Daga rumfunan nan kayan su kan zarce zuwa majami'u, a rataya su a bango, a jera su gaban bagade. Galibinsu daga ƙasar Sin a ke kawo su, inda wani birni da a ke kira Yiwu ya yi suna a duniya wajen cinikinsu.

Abin da ya sa muka ta da wannan magana shi ne, cikin masu karanta jaridar nan akwai malaman makaranta da akawuna da yawa waɗanda ke riƙe da al'amuran majami'unsu. Su ne ma'aji, su ne magatakarda, kuma in an tashi rubuta allo ko zana hoto, su a kan nema. Ba mu da ta cewa a kan yadda kowa zai yi sujadarsa. Zancenmu na ado ne, da kuɗin da a ke kashewa a kansa, da abin da idon yaro ke koya daga gare shi. Ra'ayinmu kuwa a taƙaice shi ne, an daɗe ana ado da kayan aro, alhali na gida na nan zube a ƙofa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Bari mu fara da tambayar da mutane ba su cika yi ba. Kayan nan daga ina suka samo asali? Wanda duk ya karanta labarin haihuwar Almasihu cikin Linjilar Luka da ta Matiyu ya san akwai makiyaya, akwai komin dabbobi, akwai tauraro, akwai baƙi daga gabas da kyautai. Babu dusar ƙanƙara a ciki, babu itacen ado. Itacen nan al'adar Jamusawa ce. A ƙasarsu in sanyi ya yi tsanani itatuwa su kan kaɗe su bar rassa tsirara, sai wani iri mai ganye kamar allura shi ke zama kore. Shi suka sara suka shigar cikin ɗaki, don ya zama alamar rai a lokacin da kome ya bushe. Mutanen Ingila ma ba su rungume shi sosai ba sai bayan 1848, sa'ad da wata jaridar London ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda shi Bajamushe ne, sun kewaye irin wannan itace da 'ya'yansu. Daga nan kowa ya ce shi ma sai ya yi.

Haka kuma zoben ganyen nan mai kyandir huɗu da waɗansu majami'u ke kunnawa cikin makonni huɗu na jiran Kirsimati. A 1839 wani malamin addini a Hambug, Johann Wichern, yana riƙe da gidan renon 'ya'yan matalauta. Yara suka dame shi da tambayar yaushe ne ranar za ta zo. Sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki, ya kafa mata kyandirori, ƙanana don ranakun mako, manya huɗu don Lahadi, kullum a kunna ɗaya. Watau dai dabarar malamin makaranta ce ta koya wa yara ƙirgan kwanaki. Tun kafin wannan da nisa, a 1223, Faransis na Asisi ya so ƙauyawan Greccio ta ƙasar Italiya su ga labarin haihuwar da idonsu. Bai aika ko'ina a sayo masa kome ba. Kogo ya samu, ya zuba ciyawa, ya sa aka jawo sa da jaki masu rai.

To, jama'a, ku duba da kyau. Bajamushe ya ɗauki itacen bayan gidansa, malami ya ɗauki ƙafar keken da ta tsufa, Faransis ya ɗauki jakin ƙauye. Kowannensu abin da ke kusa da hannunsa ya ɗauka, wanda mutanensa suka sani, ya ba shi ma'ana. Ashe wanda ya sayo itacen roba daga Sin ya kafa a Zonkwa ko Biliri, kayan Bajamushe ya kwaikwaya, bai kwaikwayi hankalinsa ba. Abin dariya ma, Disamba lokacin cirar auduga ne a ƙasar nan, sai ga audugarmu an yayyaga ta an barbaɗa bisa rassan roba don ta zama dusar ƙanƙarar da yaranmu ba su taɓa gani ba!

Da a ce neman itacen da ke kore lokacin da sauran suka bushe a ke yi, ai muna da shi. Kowane manomi ya san halin gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ke taƙama da ganye, shi kan kaɗe nasa. Da rani ya shigo, daji ya yi fari, sai ya tofo ya yi lif, dabbobi su taru a inuwarsa. Ba mu ce a bi gonaki ana sare gawo ba, don amfaninsa ga ƙasa ya fi gaban haka. Amma malamin da ya zana gawo a kan kyalle, da makiyaya da tumakinsu a gindinsa, ba ya bukatar dogon bayani. Ɗan shekara bakwai ya riga ya gane.

Kada wani ya ce wannan sabon ra'ayi ne na 'yan zamani. A 1929 mishan ɗin C.M.S. ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, aikin magina na gida, da bakan gizo irin na sorayen sarauta. Tana nan tsaye har yau, duk wanda ya shiga ya san a ƙasar Hausa ya ke. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan wahalar shekaru da Likita Miller da abokan aikinsa suka sha. Watau tun kusan shekara ɗari da suka wuce an yarda kunne ya ji da harshen gida, an yarda gini ya tashi da hannun gida. Ido kaɗai aka bari yana cin abincin baƙi.

A ƙasar Yarabawa an taɓa gwada gyara wannan. A 1947 waɗansu limaman Katolika, cikinsu har da Fada Kevin Carroll, suka buɗe ma'aikata a Oye-Ekiti, suka tara masassaƙa da masaƙa da masu aikin duwatsun ado. Suka sassaƙa siffofin labarin haihuwa, baƙin gabas suka fito da kamannin sarakunan Yarabawa da hulunansu na sarauta. Cikin waɗanda suka yi aiki da Fada Carroll akwai Lamidi Fakeye, Musulmi, wanda daga baya sunansa ya kai ƙasashen waje. Amma ma'aikatar ba ta yi tsawon rai ba, a 1954 aka rufe ta. Cikin masu sukarta har da Kiristocin wurin, waɗanda suka ga sassaƙar ta yi kama da abin da suka baro. A arewacin Kamaru kuma, cikin shekarun 1970, Kiristocin kabilar Mafa suka riƙa kwaikwayon labaran Linjila a ƙauyukansu, aka mai da wasannin hotuna fiye da 60, da bukkoki da tulu da duwatsun Mandara a ciki. Hotunan sun zaga duniya, ko da ya ke hannun da ya zana su na Faransa ne.

Sukar da aka yi a Ekiti ba ta banza ba ce, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. A Arewa ma majami'u da yawa, irin su E.C.W.A. da C.O.C.I.N. da E.Y.N., galibi ba su ajiye siffofi a ɗakin sujada, kuma wannan hakkinsu ne. Amma a nan ne ma muka fi kowa sa'a, domin adon ƙasar nan yawancinsa ba na siffar mutum ba ne. Dubi dagi a goshin soro. Dubi aska takwas a ƙirjin riga, da zanen da mata ke ƙonawa a bayan ƙwarya, da saƙar faifai mai launi uku, da aikin dukawa a kan fata. Duk ƙulli ne da layi da tauraro. Majami'ar da ba ta son hoto ko ɗaya tana iya cika bangonta da wannan ba tare da ta taɓa ƙa'idarta ba. Waɗanda kuma ke bin tsarin launuka, kamar Katolika da Angilikan, masu shimfiɗa shunayya a makonnin jira su sauya fari ran idi, me zai hana su kai farin saƙi marina a rina musu, su kuma ba maɗinki ya yi wa na idin aiki da zare? Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan, masu ɗinkin hannu na Zariya suna nan, maƙeran tagulla na Bida sun iya abin ɗora kyandir.

Za a ce mana kayan kanti sun fi araha. A ranar saye, gaskiya ne. Amma ma'aji ya buɗe littafinsa ya duba na shekara biyar. Igiyar fitila ta kan mutu kafin baɗi, takardar ƙyalƙyali ta kan yage tun wajen cirewa, itacen roba ya sha ƙura ya koɗe. Kyallen saƙi kuwa in an wanke an ninke an sa a adaka, wanda aka yi wa baftisma a gabansa sai ya ɗaura aure a gabansa. Sa'an nan kuɗin baiko da tsohuwa ta ƙulla a bakin zane ta kawo, in an ba masaƙi, cikin gari za su kwana, ya sayi dawa wurin ɗanta. Akwai kuma zancen wuta, wanda ba a son tunawa sai ta auku. Auduga da takarda da kyandir da waya mai arha, a cikin iskar hunturu, a ɗakin da mutum ɗari uku suka cunkushe, wannan ba haɗin da mai hankali zai yi sakaci da shi ba ne. Ba mu ce a hana yara fitilunsu ba, ai murna ce ta kawo su. A dai sa wanda ya san aikin lantarki ya ɗaura, a kuma nisanta su daga labule.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi shafar malamai da akawuna. Yanzu an shiga yayin manyan kyallayen roba da a ke bugawa a shagon kwamfuta. Yaron shago ya kan shiga intanet ya kwaso hoton da ya fara cin karo da shi, jariri mai shuɗin ido cikin bukkar katako, ya ɗora rubutu a kai. Sau da yawa injinsa ba shi da haruffan nan masu ƙugiya, sai ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b. A kyallen Kirsimati kuwa wannan ba ƙaramin ɓarna ba ne, gama kalmar da ta fi kowace nauyi a ranar ita ce “ɗa”, in ƙugiya ta faɗi sai ta zama “da”, jimla ta tashi ba kai. Mutum ya yi shekara yana koya wa yara bambancin “ƙasa” da “kasa”, sa'an nan ya zauna ƙarƙashin kyalle mai kamu shida da ke rushe darasinsa! Kada magatakarda ya biya ko kwabo sai ya ga rubutun a takarda ya duba shi harafi harafi. In shagon ya ce ba ya iyawa, akwai mai rubutun allo da burushi a kowane gari, shi ƙugiya ba ta gagare shi.

Ga malamin makarantar Lahadi kuma, abin da Wichern ya yi yana nan a buɗe gare shi. Ya raba wa yara takarda da alli mai launi tun farkon Nuwamba, ya ce kowa ya zana makiyayi kamar yadda ya san makiyayi, da sanda da malfa da gora. Ya sa 'yan mata su kawo faifai a jera su su zama taurari, samari su kawo zangarniyar dawa da ta gero daga sabon girbi a ɗaure a ginshiƙai. Abin da ya fi kyau a ciki a manna shi inda iyaye za su gani.

Kwamitin da ya yi niyyar gwadawa ba sai ya zubar da abin da ya riga ya saya ba. Ya fara da abu guda bana, ko kyallen bagade ko na bayan mumbari, baɗi ya ƙara wani. Sai dai a tuna masaƙi da marini da maɗinki ba su da kaya jibge a kanti, kowane aiki sai an auna an yi jinga an jira. A kai musu awo da kuɗin kafin alƙalami tun watan Oktoba, a kuma rubuta musu launin da a ke so a takarda.