Hasken Gida Ɗaya, Hayaƙin Unguwa Duka

A arewacin ƙasar Kano, daga Ungogo har Dambatta, daga Minjibir har Bichi da Tsanyawa, mutane sun daɗe suna zaune kusa da juna. Gona tana jingine da gona, danga tana jingine da danga, ƙasa kuwa ba a barinta ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Abin da ya riƙe wannan zama tun kaka da kakanni shi ne taimakon juna da kiyaye haƙƙin maƙwabci. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum a kira gayya, in rijiya ta cushe unguwa ta fito ta yashe, in jinka ta yi nauyi a taru a ɗaga. To, ga shi wani baƙo ya shigo ƙauyukan nan yana warware wannan igiya sili-sili, mutane kuwa suna yi masa maraba da kuɗinsu. Baƙon nan shi ne janareta, watau ɗan injin nan mai shan fetur da ake tayarwa a gida in an ɗauke wuta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ba don sha'awar ƙara da hayaƙi mutane suka rungumi janareta ba, alkawarin da aka daɗe ana yi musu ne bai cika ba. A shekarar 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, wadda ake kira ECN, ta fara aiki. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, a 1972 aka kafa NEPA. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi, daga 1979 zuwa 1983, an kafa turakun wuta a garuruwan karkara masu yawa, jama'a suka yi murna, suka ce an rabu da aci-bal-bal. A 2005 NEPA ta zama PHCN, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka danƙa rabon wuta ga kamfanoni 11, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Suna ya yi ta sakewa, amma wutar da ake rabawa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Abinci kaɗan ne, masu ci da yawa, na ƙauye kuwa shi ne a ƙarshen layi.

Saboda haka ba wanda zai zargi magidanci don ya gaji da duhu. Abin zargi shi ne a ɗauki janareta a kan shi ne magani, har a mai da shi abin taƙama. Mai karatu ya yi haƙuri ya bi lissafin nan a hankali, ya ga ko magani ne ko kuwa wata cuta ce aka ƙara a kan cuta.

Da fari a duba aljihu. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a nan arewa. Mutumin ƙauye ma ba a gidan mai yake saye ba, wurin 'yan bumburutu yake saye a kwalba ko a galan, da ribarsu a kai. A ƙaddara mutum yana ƙona lita 2 kowane dare a kan naira 1,000. Naira 2,000 ke nan a dare, 60,000 a wata, 720,000 a shekara, ban da baƙin mai da filogi da ladan mai gyara. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne. Ashe ɗan injin da ke ajiye a bayan ɗaki yana cin kusan albashin ma'aikaci guda, bai kuwa taɓa riƙe fartanya ba. Kuɗin taki ne da na iri, kuɗin awaki ne da na karatun yara, ake zubawa a tanki su fita hayaƙi. Manomi ya sha rana watanni huɗu, ya kai gero Dawanau ya sayar, ya dawo ya ƙona shi a dare talatin don ƙwai biyu da fanka da talabijin.

Har wa yau, wutar janareta ta fi kowace wuta tsada. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga mutanen rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, ya koma naira 225 kowane yunit, ƙasa ta ɗauka da kuka. Ƙaramin janareta kuwa lita guda ba ta ba shi yunit 2. Watau a farashin ƙarshen 2024 talakan ƙauye yana sayen yunit ɗinsa fiye da naira 500, ninki biyu da ɗoriya na abin da attajirin birni ya yi wa kuka. In wannan ba asara ba ce, mece ce asara?

Na biyu a duba rai, wanda ba a sayensa a kasuwa. A cikin hayaƙin injin akwai wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. In ta shiga huhu sai ta kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce gajiya ce, ya kwanta, shi ke nan. Jaridun ƙasar nan sun sha ba da labarin gidan da aka wayi gari an tarar da mutanensa duka sun riga mu gidan gaskiya, ba rauni ba jini, inji yana gefe man ya ƙare. Abin da ke jawo haka kuwa sananne ne: tsoron ɓarawo ko tsoron ruwan sama ya sa a shigar da inji zaure ko ɗaki a ja ƙofa. Da sanyin hunturu, lokacin da ake toshe kowace kafa, abin ya fi muni. Ga kuma jarkar fetur a ɗakin da yara ke kwana, ga kara da harawa an jibge a tsakar gida bayan kaka, ga rumbu a kusa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara, wuta kuwa ba ta san iyakar gidan mai inji ba.

Na uku a duba maƙwabci. Ƙaramin injin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, mutanen kudu sun laƙaba masa suna, ma'anarsa ita ce "na fi maƙwabcina". Sunan kaɗai ya isa wa'azi. A 2015 hukumar kwastan ta ba da sanarwar hana shigo da shi da yawa don sayarwa saboda cutar hayaƙinsa, amma bai ɓace daga kasuwa ba. A wurin da katanga ɗaya ta raba gida biyu, mai inji yakan juya bututun hayaƙin ya dubi gidan wani, shi ya sha haske da iskar fanka, maƙwabci ya sha ƙara da hayaƙi. A can gidan akwai tsoho mai tari, akwai mai jego, akwai ɗalibi mai tilawa da asuba. Kunya ta hana su magana, sai su haɗiye, abin ya zama ƙullaci. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san girman haƙƙin maƙwabci, ya san ba a yarda mutum ya nemi jin daɗinsa ta hanyar cutar da wani ba. Sayen inji bai shafe wannan karatu ba.

Amma babbar ɓarnar janareta ba a aljihu take ba, ba kuma a huhu ba. Ɓarnarsa ita ce ya raba kan jama'a, ya mai da damuwar gari duka ta zama damuwar kowa shi kaɗai. In taransifoma ta ƙone a ƙauye, su wa ke da bakin da za a ji a ofis? Attajirin gari ne, da kansila, da babban ma'aikaci, da mai sarauta. To, su ne kuwa suka fara sayen inji. Ranar da aka ɗauke wuta su ba su ga duhu ba, don haka ba abin da zai tashe su tsaye. Sai a bar mai sayar da ƙanƙara da tela da matar da ke yin zoɓo su yi ta kuka ba mai ji, taransifoma ta yi wata da watanni tana tsatsa, har ɓarayi su zo su kwashe wayar. Haka abin yake tun daga ƙauye har sama. Ofishin da ke da babban inji, da gidan babban mutum da ba a taɓa jin wuta ta ɗauke ba, ba za su ji zafin gyara ba. Kowa tasa ta fisshe shi ba ta taɓa gina gari ba.

Abin da ya faru a Oktoba 2024 ya isa darasi. An lalata manyan turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan ɗaya layin da ya biyo ta Ugwuaji da Apir ya sami matsala, yawancin arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. A kwanakin nan mai janareta ya ga iyakarsa, gama ya faɗo daidai lokacin da fetur ya yi tsada ƙwarai. Inji bai hana kuɗin niƙa tashi ba, bai hana kuɗin ruwa da na cajin waya tashi ba. Wanda ya ce ya tsira shi kaɗai, a kasuwa ya biya kuɗin duhun sauran jama'a.

Wani zai ce, to mai walda fa, da mai injin niƙa, da ɗakin shan magani inda ake ajiye allurar rigakafi, da unguwarzoma mai karɓar haihuwa da tsakar dare? Wannan magana tana kan hanya. Injin da ke ciyar da gida ko ya ceci rai daban yake da na taƙama, ba wanda zai ce a jefar da shi tun ba a sami madadinsa ba. Amma sanda ce ta mai karaya, ba ƙafa ba ce. Wanda ya karye yakan dogara sanda yana neman maɗori, ba ya zama yana yi wa sandar ado.

Wanda tilas ta sa ya riƙe inji, to, ya kiyaye abu huɗu. Ya ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga kamar ƙafa 20, kada bututun ya dubi ɗakin kowa. Kada ya zuba mai inji yana aiki ko yana da zafi. Kada ya haɗa shi da wayar gida sai da makunnin da ke raba ta da layin waje, don wutarsa tana iya komawa kan falwaya ta kashe mai gyara. In kuwa mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri gaba ɗaya, a kashe inji, a fita sarari, a nufi asibiti.

Maganin gaskiya kuwa yana cikin abin da ƙasar nan ta gada, watau gayya. Kusancin gidaje da ya sa hayaƙin ɗaya ke cutar goma, shi ne kuma ya sa waya kaɗan za ta isa gida ɗari. Rana kuwa Allah ya hore ta ba kuɗi. A 2018 aka fara ba rumfunan kasuwar Sabon Gari wuta daga hasken rana. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairu 2023 kuma wata mai megawat 10 a Challawa. Tun 2016 hukumar NERC mai tsara harkar lantarki ta fitar da ƙa'idar kafa ƙananan tashoshi na gari guda, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu. Ƙofa a buɗe take. Gida 20 masu ƙona naira 60,000 a wata suna ƙona miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In da adashi suka zuba, da cikin watanni kaɗan sun fara ganin farantan sola da batura a unguwarsu, abin da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya neman ɗan bumburutu. Sai dai a nemi gwani na gaskiya da kaya masu nagarta, gama araha ba ta ado, batir kuma yana tsufa, dole a riƙa tara kuɗin sake shi.

Sa'an nan kada a saki haƙƙi a kan wutar gwamnati. NERC ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da waya nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Mutanen gari su kafa kwamiti, da dagaci da masu unguwa da liman da 'yan kasuwa da wakilan mata. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ga ranar alƙalaminsa: ya riƙe littafi, ya rubuta ranar da wuta ta zo da awa nawa ta yi, ya adana rasit, ya rubuta takardar kuka da sa hannun jama'a. In kamfani bai saurara ba, akwai zauren sauraron ƙorafi na NERC. Su kuma jama'a su biya abin da suka sha, su bar satar wuta, su yi gadin taransifomarsu kamar yadda suke gadin rumbu. In masu neman ƙuri'a sun zo, kada a karɓi kyautar inji a yi shiru, a tambaye su ina aka kwana a kan wutar gari duka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da kowane gida ke ruri shi kaɗai da dare bai ci gaba ba, ya dai saba da ciwonsa ne. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya ba talakawa haɗin kai, ya haskaka garuruwa da zukata baki ɗaya, amin.