Haɗin Gwiwar Ɗalibai Kan Damuwar Matasa: Wa Ke Riƙe da Alƙalamin?

A gidajenmu, idan yarinya 'yar shekara 15 ta daina cin abinci, ta shige ɗaki ta ƙi kula kowa, fassarar ba ta wuce uku: shagwaɓa ce, ko iska ce ta taɓa ta, ko kuma uwa ta dube ta ta ce, "Ci ko sha, me aka rage ki da shi?" Namiji kuwa sai ya fara kwana a waje, idonsa ya kaɗa ya yi ja, sannan a farga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin wannan fanni da suka kai 300. Asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau kuwa, sai ciwo ya yi nisa ake tunawa da su.

Shi ya sa nake goyon bayan salon da ya yaɗu tun zamanin korona, inda ɗaliban jami'o'in ƙasashe daban-daban ke haɗuwa ta intanet su yi aiki ɗaya a kan damuwar matasa. Ɗan shekara 20 bai daɗe da fita daga wannan hali ba, kuma ƙaninsa zai faɗa masa abin da ba zai taɓa faɗa wa babansa ba. Sai dai goyon bayan nawa da sharaɗi.

A 2018, ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard, Tom Osborn ɗan Kenya da Katherine Venturo-Conerly 'yar Amurka, suka kafa shirin Shamiri a Kenya. Ba asibiti suka gina ba. Sun horar da matasa 'yan shekara 18 zuwa 22 su riƙa zama da ƙananan rukunonin 'yan sakandare, awa ɗaya a mako har mako huɗu, ana koyon godiya, da sanin abin da mutum ya ɗauka da daraja, da yarda cewa basira tana ƙaruwa da ƙoƙari. Da gangan suka kauce wa kiran yaran marasa lafiya, don ɗan ƙasar ya san abin kunyar da ke tattare da hakan. Gwajin da aka yi da ɗalibai sama da 400, wanda mujallar JAMA Psychiatry ta buga a 2021, ya nuna damuwa da fargabarsu sun ragu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan an bar shi ya nuna wurin.

Wannan shi ne sharaɗina na farko, abin da nake gudu kuwa shi ne akasin haka. A haɗu a Zoom, ɗalibin ƙetare yana gaban kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa, namu yana tsaye a bayan ɗakin kwanan ɗalibai yana ɗaga waya yana neman sabis, datarsa na ƙarewa. Muryarsa ta yanke sau biyu, sai ya yi shiru, a ɗauki shirun a matsayin amincewa. Ƙarshenta na can ya tsara tambayoyin, namu ya fassara ya raba, sunan na can ya hau kan rahoton. Takardar tana tambayar yarinya ko tana baƙin ciki, ita kuwa abin da za ta ce shi ne kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mata. Wanda bai san haka ba zai rubuta cewa lafiyarta ƙalau.

Sharaɗi na biyu amana. Sirrin yaro ba kayan neman maki ba ne. Hoton hira guda da ya fita daga rukunin WhatsApp ya isa ya sa a riƙa nuna yarinya a unguwa, har ya bi ta ranar da aka zo neman aurenta. Ga shi dokar hukunta laifuka da Arewa ta gada ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da Ghana ta soke a nata kundin a 2023. Duk ɗalibin da zai saurari irin wannan magana, wajibi ne ya san nauyinta, ya kuma san shi ba likita ba ne. Dole malami ƙwararre ya tsaya a kan aikin, a kuma san asibitin da za a tura yaro tun kafin a buɗe baki a tambaye shi.

Sannan me ya sa idan an ce ƙetare, sai hankalinmu ya tafi Ingila da Amurka? Ɗalibin Jami'ar Bayero yana karatu da Turanci, na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Faransanci, amma ƙannensu da Hausa suke kuka, tiramadol ɗin da ke cin samarin Kano shi ke cin na Damagaram. Ko da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, saƙon murya bai fasa wucewa ba. Waɗannan ɗalibai za su iya haɗa gajerun saƙonnin murya domin iyaye, su zauna da malaman Islamiyya, tunda addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Adeoye Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a ƙauyen Aro tun 1954, hakan kuma bai rage masa daraja ba.

Shugabannin sassan jami'o'inmu, kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya, ku tambaya: wa zai tsara tambayoyin, wa zai ajiye amsoshin, wa zai sayi datar, kuma ina za a kai yaron da aka tarar yana cikin haɗari? Idan ba a ba ku amsa a rubuce ba, ku ajiye biron.